Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ina tallafin noma ke tafiya?

A tsakiyar shekarar 1933 jami'an gwamnatin Amurka suka bazu cikin jihohin kudu masu noman auduga da wani saƙo da manoma ba su taɓa jin irinsa ba: ka sa garma ka kife audugar da ta riga ta tsiro, gwamnati za ta biya ka. Kafin kaka an kife wajen eka miliyan 10. A shekarar nan dai aka yanka aladu kimanin miliyan 6 don kada su cika kasuwa. Lokacin farashin amfanin gona ya faɗi warwas, bankuna na ƙwace gonaki saboda bashi, sai gwamnatin Franklin Roosevelt ta yi lissafin cewa in kaya ya yi ƙaranci kasuwa za ta farfaɗo. Ta kuwa farfaɗo daidai gwargwado.

To amma wa ke noma audugar? Akasari ba masu gonar ba ne. Talakawa ne, baƙar fata da farar fata, masu zaman noma-mu-raba a gonar wani. Ita kuwa gwamnati da mai gona ta ƙulla yarjejeniya, da sunansa takardar kuɗin ke fitowa. An ce ya ba manomansa kasonsu, da yawa suka yi kunnen uwar shegu. Wasu ma suka duba suka ga tunda an rage filin da za a shuka, hannuwan da ke kan gonar sun yi musu yawa, suka sallami mutane, daga baya suka sayi tarakta. A 1934 masu noma-mu-raba a jihar Arkansas suka kafa ƙungiyar kare kansu, abin da ya jawo musu duka da barazana. Kuɗin da aka fitar da sunan ceton manomi, shi ya taimaka wajen raba dubban manoma da gona.

Na ɗauko wannan tsohon labari ne don har yau bai tsufa ba. Duk inda aka ce tallafin noma bai kai ga talaka ba, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne sata, wani ya karkatar, wani ya yi sama da faɗi. Satar na nan, za mu zo kanta. Sai dai mafi yawan kuɗin da ke tsallake ƙaramin manomi ta ƙofar doka yake fita, da rana tsaka, da hatimi da sa hannu. Gwamnati ba ta iya raba kuɗi sai da ma'auni, kuma abin da ya fi sauƙin ƙirgawa shi ne fili, ko buhu, ko kan dabba, ko takardar mallaka. Wahalar mutum ba ta ƙirguwa da sauƙi haka. Saboda haka tun ranar da aka zaɓi mudun awo aka gama yanke wanda zai ci, sauran duk cika takardu ne.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Ƙungiyar OECD, wadda ke bin diddigin manufofin noma a ƙasashe 54, ta ƙiyasta cewa tsakanin 2021 da 2023 tallafin da ake ba harkar noma a waɗannan ƙasashe ya haura dala biliyan 800 a kowace shekara. Ba dukkansa ke fitowa daga baitulmali ba. Wani kaso mai tsoka daga aljihun mai sayen abinci yake fita ba tare da ya sani ba, ta hanyar harajin shigo da kaya da taƙaita abin da za a shigo da shi don farashin cikin gida ya hau. Sukari a Amurka misali ne: gwamnati ba ta cika miƙa wa masu noman rake tsabar kuɗi ba, tsare musu kasuwa take yi, kowa ya sha shayi ya biya kasonsa. Irin wannan tallafi ba shi da jerin sunayen masu karɓa, amma lissafinsa a bayyane yake, wanda ya fi sayarwa shi ya fi kwasa.

Amurka ce wurin da ya fi dacewa a tsaya a duba da kyau, don a can takardu sun fi fitowa fili. Kusan duk shekara biyar majalisar dokoki ke sabunta babbar dokar noma. Ribar tsarin na tafiya ne ga amfani ƙalilan, masara da waken suya da alkama da auduga da shinkafa su ne ke lashe mafi yawa. Mai noman kayan lambu da 'ya'yan itace abin da ke kai masa kaɗan ne in aka kwatanta. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, manyan shirye-shiryen biyan kuɗin ba su duba abin da ka shuka bana. Suna duba abin da aka yi wa filin rajista da shi tun shekarun baya. In an taɓa noma shinkafa a filin lokacin da aka rubuta rajistar, filin ya zama na shinkafa a takarda, ko da yau wani abu daban ke tsirowa a kai. An yi haka da dalili mai kyau, don kada manomi ya riƙa shuka abin da kasuwa ba ta so saboda kwaɗayin tallafi. Amma sai haƙƙin karɓa ya manne wa ƙasa, ya bar mutum. A 2006 jaridar Washington Post ta gano cewa tun daga 2000 an biya aƙalla dala biliyan 1.3 ga mutanen da ba sa noma ko kaɗan. Cikinsu har da mazauna wasu unguwanni a jihar Texas da aka gina a kan tsofaffin gonakin shinkafa, mutum na aske ciyawar tsakar gidansa, kuɗin shinkafa na shigo masa. An soke wancan nau'in biyan kai tsaye a dokar 2014, amma rajistar filin tana nan, da ita ake aiki.

Wata ƙungiya mai zaman kanta, EWG, ta daɗe tana tattara bayanan biyan daga ma'aikatar noma tana wallafawa a intanet, kowa ya shiga ya ga wanda ya karɓa da nawa ya karɓa. Abin da alƙaluman nata suka nuna shi ne, daga 1995 zuwa 2021, kashi 10 cikin 100 na masu karɓa sun tafi da fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗin tallafin amfanin gona.

Za a ce ai akwai iyaka. Akwai. Shekaru da dama doka ta ce mutum ɗaya ba zai karɓi fiye da dala 125,000 a shekara daga manyan shirye-shiryen ba, a 2025 aka ɗaga zuwa 155,000. Sai dai iyakar a kan mutum take, ba a kan gona ba. In gona ta haɗin gwiwa ce, kowane abokin tarayya da aka rubuta cewa yana da hannu a aikin na iya karɓar nasa cikakken kaso, hannun kuwa ba lalle na riƙe sitiyarin tarakta ba ne, ba da shawarar gudanarwa ma ya isa. Miji ya karɓa, mata ta karɓa. Dokar 2018 ta ƙara faɗaɗa ma'anar iyali ta shigo da 'ya'yan baffa da na kawu da 'ya'yan 'yan'uwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa maginin da kansa ya bar tsagar. Ofishin da ke binciken kuɗin gwamnati a madadin majalisa ya bayyana a 2007 cewa tsakanin 1999 da 2005 an biya dala biliyan 1.1 da sunan mutum sama da 170,000 da suka riga mu gidan gaskiya. Wani ɓangare halal ne, domin magada kan ci gaba da noma kafin a raba gado. Wani kuwa ba wanda ya duba.

Ga kuma inshorar amfanin gona, wadda yanzu ta zama babban ginshiƙi. Gwamnati ke biyan wajen kashi 60 cikin 100 na kuɗin inshorar a madadin manomi, ta kuma biya kamfanonin inshora masu zaman kansu ladan gudanarwa. Wannan rangwame ba shi da iyakar da sauran ke da ita, gwargwadon faɗin gonarka gwargwadon rabonka, kuma doka ta hana a bayyana sunayen masu cin gajiyarsa. In aka shiga wani hali na musamman kuma a buɗe wata ƙofar. Lokacin da rikicin ciniki ya ɓarke da Chaina a 2018, ta sa wa waken suyan Amurka haraji, gwamnatin Donald Trump ta raba wa manoma kimanin dala biliyan 23 cikin shekara biyu, da mudun buhu da na eka.

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin maganarsu ba ta banza ba ce. A ƙidayar Amurka, duk wurin da ke iya sayar da amfanin dala 1,000 a shekara sunansa gona. Cikin gonaki kusan miliyan 1.9 akwai ɗimbin na masu aikin albashi da 'yan fansho da ke kiwon 'yan shanu don sha'awa. Manyan gonakin iyali ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, amma su ke fitar da kusan rabin amfanin ƙasar in aka auna da kuɗi. Masu kare tsarin sai su ce, to wa kuke so a ba? Wanda ke ciyar da ƙasa, wanda fari ɗaya ka iya cinye masa miliyoyi, ko mai noman sha'awa? In manufar ita ce tsare wadatar abinci, ba abin kunya ba ne kuɗin ya bi buhu. Na yarda da wannan. Inda gizo ke saƙa shi ne, ba da wannan hujjar ake tallata shirin ga masu biyan haraji ba. Hoton ƙaramin manomi da iyalinsa ake ɗagawa ranar muhawara, ranar biya kuma a ɗauko ma'aunin eka. Alhali tun ƙarshen shekarun 1990 matsakaicin gidan manomi a Amurka ya fi matsakaicin gidan sauran jama'a samun kuɗi, ta fuskar dukiya kuwa tazarar ta fi haka nisa.

Akwai waɗanda ko layin ba a bari sun shiga ba. Kwamitocin gundumomi ne suka daɗe suna tace wanda zai sami rance da tallafi, kuma a kudu shekaru da dama fararen fata ne suka cika su. A 1920 manoma baƙar fata sun haura 900,000, yau ba su kai 50,000 ba. Dalilan suna da yawa, amma a 1999 gwamnati ta amince da sasantawa a shari'ar Pigford, inda manoma baƙar fata suka kai ƙarar ma'aikatar noma kan wariya, aka biya diyyar kusan dala biliyan 1, a 2010 kuma aka ƙara ware sama da biliyan 1 ga waɗanda suka makara.

Ko sunan da ke kan takardar biyan ma ba shi ne ƙarshen zancen ba. Kusan kashi 40 cikin 100 na filayen noma a Amurka haya ake ba da su. Mai gona ya san nawa gwamnati ke biya a kan kowace eka, saboda haka in lokacin sabunta haya ya zo zai sa nasa lissafin. Masana tattalin arziki sun sha bamban kan yawan abin da ke zarcewa ta wannan hanya. Wani sanannen bincike na Barrett Kirwan a 2009 ya ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ke komawa ga mai fili, wasu binciken sun sami fiye da haka. Ko ma dai nawa ne, alƙiblar ɗaya ce: tallafin da aka tabbatar zai ɗore yakan shige cikin farashin ƙasa. Wanda ya mallaki filin ranar da aka soma shirin ya ci ribar gaba ɗaya. Saurayin da ya zo sayen gona bayan shekara talatin, shi ya riga ya biya kuɗin tallafin tun wajen ciniki, da bashin banki. Wannan shi ne abin da ke sa janye tallafi ya zama ƙarfen ƙafa. Mutumin da zai fi shan wuya in an janye, sau da yawa ba shi ne ya ci daɗinsa ba.

A Tarayyar Turai mudun hekta ne. Manufar noman bai ɗaya ta soma aiki a 1962, lokacin da yunwar yaƙin duniya ba ta gama barin zukatan mutane ba. Da farko farashi aka lamunce wa manoma, suka noma har aka rasa inda za a zuba, man shanu da madara suka yi tsibi a rumbunan gwamnati, aka riƙa tura rarar ƙasashen waje da arha. Gyaran 1992 da na 2003 suka mayar da tallafin zuwa biyan kuɗi kai tsaye, akasari bisa faɗin fili. Kasafin 2021 zuwa 2027 ya ware wa shirin kimanin yuro biliyan 387, wajen kashi ɗaya cikin uku na kasafin Tarayyar baki ɗaya. Hukumar Tarayyar da kanta ta yarda cewa kusan kashi 80 cikin 100 na biyan kai tsaye na tafiya ga kashi 20 cikin 100 na masu karɓa. Ba wani asiri a ciki, haka mallakar filin take. Shi ya sa kafin Birtaniya ta fice, gonar Sarauniya da ke Sandringham na cikin masu karɓa, tare da attajirai da iyalan da suka gaji dubban hekta.

A gabashin Turai, inda aka gaji manyan gonakin gwamnati daga zamanin kwaminisanci, rabon fili ya zama rabon tallafi. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2019 yadda aka yi gwanjon filayen gwamnati a Hungari suka faɗa hannun makusantan masu mulki. A Jamhuriyar Cek, Andrej Babiš, wanda ya kafa katafaren kamfanin noma da sinadarai na Agrofert, ya riƙe kujerar firaminista daga 2017 zuwa 2021, masu binciken kuɗi na Tarayyar suka ce muƙaminsa ya ci karo da kasuwancinsa, shi kuma ya musanta. Sai kuma satar tsiya. A watan Janairun 2020 aka kama mutum 94 a yankin Nebrodi na tsibirin Sisili bisa zargin cewa 'yan mafiya na karɓar tallafi a kan makiyayun da ba nasu ba. A 2025 irin wannan badaƙala ta filayen kiwo na bogi ta girgiza Girka har wasu ministoci suka ajiye muƙamansu. Abin lura a nan, ɓarawon ba ya buƙatar shuka ko ƙwaya. Tunda takardar fili ake biya, takardar kawai zai ƙirƙira.

Ko sanin sunayen ma sai da aka kai ruwa rana. A 2010 kotun Tarayyar Turai, a ƙarar da wasu manoman Jamus suka shigar, ta soke ƙa'idar wallafa sunayen ɗaiɗaikun masu karɓa saboda kare sirrinsu, daga baya aka dawo da wallafawar da wasu sharuɗɗa.

Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ba su cika iya biyan tsabar kuɗi ba, sun fi bi ta taki da iri da lantarki da lamunin farashi. Sai dai cutar iri ɗaya ce, rigar ce ta bambanta. A Indiya kusan kashi 86 cikin 100 na gonaki ba su kai hekta 2 ba. Gwamnati na sanar da farashin da za ta sayi alkama da shinkafa da sauransu, amma kwamitin Shanta Kumar ya bayyana a 2015 cewa kusan kashi 6 cikin 100 na manoma ne kaɗai ke sayar wa hukumomin gwamnati a wannan farashi, kuma jihohin Punjab da Haryana sun daɗe da cin kaso mafi tsoka. Manomin da abin da ya noma bai isa gidansa ba, me zai sayar? In ma farashi ya hau, shi mai saye ne. Lantarkin ban ruwa kyauta a Punjab ya fi amfanar mai rijiyar burtsatse mai zurfi, ruwan ƙarƙashin ƙasa na ƙara nisa, maƙwabcin da ba shi da kuɗin ƙara haƙa ya zura ido. Tallafin takin yuriya kuwa kamfanonin taki ake biya don su sayar da arha, wanda ya fi sayen buhuna ya fi morewa. A 2019 aka kawo shirin PM-KISAN mai ba kowane gidan manomi rufi 6,000 a shekara kashi uku, kai tsaye cikin asusun banki. Wannan ya fi adalci, tunda bai bi faɗin gona ba. Amma sharaɗinsa sunanka ya kasance a kundin mallakar fili. Ɗan haya ya fita, ɗan ƙodago ya fita, matar da ke noma gonar da ke da sunan mijinta ko surukinta ita ma ba da sunanta ake biya ba. Wato an komo kan matsalar 1933 ta wata hanya.

A Afirka taki ne kan gaba. Malawi ta soma babban shirinta a 2005 ƙarƙashin Bingu wa Mutharika, ana ba manomi takardar rangwame ya karɓi taki da iri. Masara ta ƙaru, duniya ta yaba, amma da farashin taki ya tashi a kakar 2008 zuwa 2009 shirin ya ci kusan kashi 16 cikin 100 na kasafin ƙasar. A Tanzaniya wani bincike a yankin Kilimanjaro ya gano cewa wajen kashi 60 cikin 100 na takardun rangwamen sun tafi gidajen zaɓaɓɓun shugabannin ƙauye, waɗanda su ne aka damƙa wa rabon. A Najeriya Akinwumi Adesina, lokacin yana ministan noma, ya ce kashi 11 cikin 100 na manoma kaɗai ke ganin takin gwamnati, dalilin da ya sa a 2012 aka koma aika wa manomi saƙo ta waya ya je wurin dillali ya karɓa da kansa. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Amma ko gugan na da gaskiya akwai wata matsalar da ba ta rashin amana ba ce. Rangwamen rabi na nufin sai kana da ɗaya rabin a hannu, kuma a farkon damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wanda ba shi da shi zai sayar da takardarsa ga mai shi, ya karɓi 'yan kuɗi ya sayi abinci, kuma ba wauta ya yi ba. Sannan duk inda kaya ɗaya ke da farashi biyu, na gwamnati da na kasuwa, an riga an buɗe sana'a ga mai iya ɗaukowa daga nan ya kai can, har da tsallaka iyaka. Wani kason kuma na zuwa ga manomin da da ma zai sayi takinsa ko ba rangwame, sai a kashe kuɗi mai yawa, ƙarin takin da ya shiga ƙasa bai kai yadda aka zata ba.

Me ya sa abin ke ɗorewa alhali kowa ya sani? Masu cin gajiyar kaɗan ne, kowannensu na da abu mai yawa da zai rasa, suna da ƙungiyoyi da lauyoyi, sun san kowane saƙo da lungu na dokar. Masu biya kuwa miliyoyi ne, abin da ke fita daga aljihun kowanne bai isa ya sa shi fita zanga-zanga ba. A Amurka akwai ƙarin dabara: tun 1973 aka ɗaure taimakon abinci ga marasa galihu cikin dokar noma, kuma shi ke cin wajen kashi uku cikin huɗu na kuɗinta. Ɗan majalisar birni na buƙatar taimakon abincin, na karkara na buƙatar tallafin gona, kowa ya ɗaga wa ɗan'uwansa hannu.

In ana maganar janye tallafi, Niyu Zilan ce ake yawan kafa hujja da ita. Kafin 1984 tallafi ya yi yawa har tumaki suka kai miliyan 70 a ƙasar da mutanenta ba su fi miliyan 3 da 'yan kai ba. Gwamnatin David Lange ta janye kusan komai cikin ɗan lokaci. Farashin fili ya faɗi, an sha wuya, amma gonakin da aka tilasta sayarwa ba su wuce kusan 1 cikin 100 ba, kuma yau noman ƙasar na cikin mafi ƙarfi a kasuwar duniya. Ban ɗauki wannan a matsayin maganin kowa ba. Ƙasa ce mai ruwan sama da ciyawa, manomanta na da ilimi da banki da titi da tashar jiragen ruwa. Manomin da ke da rabin hekta a busasshiyar ƙasa, in aka janye masa ɗan abin da ke kai masa, ba kasuwar duniya zai shiga ba. Abin da ya fi amfani a duba shi ne gyaran mudun. Tun 2023 Tarayyar Turai ta ce a ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na biyan kai tsaye a ƙara wa hektocin farko na kowace gona, abin da ke fifita ƙanana, sai dai ta bar wa kowace ƙasa zaɓin sa wa manya iyaka ko ƙin sawa. Jihar Odisha a Indiya ta shigar da marasa fili cikin shirin tallafin manoma na KALIA da ta ƙaddamar a 2018. Ingila na janye biyan hekta a hankali tana mayar da shi ladan kula da ƙasa da ruwa da itatuwa, ko da yake a nan ma mai babban fili shi ke da wurin dasa itatuwan. Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga aljihun kowa, na binciken iri da hanyoyin karkara da madatsun ruwa da malaman gona, wanda bincike da dama ya nuna ya fi rangwamen taki riba a tsawon lokaci. Matsalarsa ɗaya, ba a iya ɗaukar hotonsa ana miƙa wa mutum kafin zaɓe.

Sauran waɗanda ke biya ba tare da an tambaye su ba, don ba 'yan ƙasar ba ne. A 2002 ƙungiyar Oxfam ta lissafa cewa manoman auduga kimanin 25,000 a Amurka sun sami tallafin dala biliyan 3.9 a kaka ɗaya, fiye da duk abin da tattalin arzikin Burkina Faso ke samarwa a shekara a lokacin. Audugar da tallafi ya ƙara fitarwa ta danne farashin duniya, miliyoyin manoma a Afirka ta Yamma suka ji a jikinsu. A 2003 Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai kukansu Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, batun ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka dagula taron ƙungiyar a birnin Cancun a watan Satumba. Amma mai ƙarfin kai ƙara ita ce Brazil. Ta shigar a 2002, ta yi nasara a 2004, ta sake yi a ɗaukaka ƙara a 2005, a 2009 aka ba ta izinin ramuwa ta kusan dala miliyan 830, har da damar taɓa haƙƙin mallakar magunguna da finafinan Amurka. Nan ne hankalin Washington ya tashi. Maimakon ta janye tallafin nan take, a 2010 ta amince ta riƙa biyan wata cibiyar auduga ta Brazil dala miliyan 147.3 duk shekara. Wato mai biyan haraji a Amurka ya riƙa tallafa wa auduga a ƙasashe biyu. A 2014 aka rufe shari'ar da biyan dala miliyan 300 a dunƙule, aka cire auduga daga manyan shirye-shiryen biyan kuɗi aka bar mata inshora. Benin da Chadi, da suka zauna a shari'ar a matsayin masu ruwa da tsaki, ba su cikin wannan yarjejeniyar biya. A watan Fabrairun 2018 majalisar dokokin Amurka ta mayar da auduga cikin shirye-shiryen, wannan karon da sunan auduga mai gurya, wadda ba a gurza ba.